Wa ke da kulob, wa ke sa masa ido?

Duk mai zama gidajen kallon ƙwallo na Zinder, ko fadojin shayi na Sabon Gari da Birni, ya lura musun ƙwallo ya sake salo. Da can gardamar ba ta wuce wa ya fi wa iya taka leda. Yanzu rabin hirar ta koma ta takardu da lauyoyi. An zabtare wa Everton maki takwas a kakar 2023 zuwa 2024, ba don ta sha kashi a fili ba. Crystal Palace ta ci kofin FA a 2025, ta samu gurbi a gasar Europa, sai aka sauko da ita zuwa gasar da ke ƙasa da wannan. Bordeaux, wadda ta lashe gasar Faransa har sau shida, ta wayi gari a 2024 tana mataki na huɗu, cikin ƙungiyoyin da ba na ƙwararru ba. Manchester City kuwa tun Fabrairun 2023 aka jibga mata tuhuma 115 kan lissafin kuɗi.

Sai ga abin da ya ƙara ɗaure kai. A watan Yulin 2025 Birtaniya ta kafa doka da ta samar da wata hukuma ta musamman, wadda ba ta ƙarƙashin hukumar ƙwallon Ingila, domin ta riƙa binciken masu kulob da aljihunsu. Nan da nan tambaya ta taso: ba FIFA ce ke dakatar da ƙasashenmu da zarar gwamnati ta tsoma baki a harkar ƙwallo ba? Me ya sa Ingila ta yi nata aka zuba mata ido? Tambayar tana da amsa, amma sai an fara raba wasu abubuwa da ake cakuɗawa.

Hukuma, gasa da mai kulob: abu uku ne daban

Hukumar ƙwallo ta ƙasa ita ce uwa. A Nijar FENIFOOT ce, a Najeriya NFF, a Ingila FA. Ita ce FIFA da CAF suka sani, ita ke riƙe da ƙungiyar ƙasa irin Mena, ita ke rajistar ƴan wasa da alƙalan wasa. Shugabanninta zaɓensu ake yi, kuma masu zaɓen wakilan ƙungiyoyi ne da na rassan jihohi.

Hukumar gasa ita ce mai shirya wasannin mako-mako, mai neman kuɗin talabijin da na talla. A wasu ƙasashe kamfani ce mai cin gashin kanta. Firimiya ta Ingila kamfani ce da ƙungiyoyi ashirin ɗin da ke bugawa suka mallaka, kuma ba a canza wata doka sai goma sha huɗu daga cikinsu sun amince. A ƙasashe irin namu kuwa gasar tana hannun uwar hukuma.

Mai kulob shi ne wanda ke da ikon yanke shawarar ƙarshe, kuma shi bashi zai hau kansa idan abu ya ɓaci. Yana iya zama attajiri ɗaya, ko kamfani, ko gwamnati, ko rundunar tsaro, ko dubban mambobi kamar yadda yake a Real Madrid da Barcelona.

Sa ido kuma hanya biyu ake bi. Ta farko ita ce tantance mai saye kafin ya karɓi kulob. Ta biyu ita ce lasisi, wato takardar izinin shiga gasa da ake sabuntawa kowace kaka. Ƙa'idar CAF ta rataya lasisin a kan sharuɗɗa iri biyar: na wasa da renon matasa, na fili da kayan aiki, na ma'aikata, na takardun shari'a, da na kuɗi, ciki har da cewa kada ƴan wasa su biyo kulob bashin albashi.

To a nan gizo ke saƙar. Waɗanda za a bincika su ne suke zaɓen mai binciken, ko kuma su ne suka mallaki kamfanin da zai hukunta su. Shugaban da ke neman ƙuri'ar kulob a babban taro mai zuwa, da wuya ya hana kulob ɗin lasisi bana. Kusan duk abin da za a karanta a ƙasa daga wannan ya samo asali.

Yadda Ingila ta bar ƙofa a buɗe

Tun 2004 Ingila take da jarrabawar masu kulob. Sai dai jarrabawar ta fi duba abin da zai hana mutum: an taɓa ɗaure shi kan zamba? an taɓa hana shi shugabancin kamfani? ya taɓa durƙusar da kulob? In babu, sai ya wuce. Shekaru da yawa ba ta zurfafa tambayar ko yana da kuɗin riƙe kulob ɗin ba, balle me yake nufin yi da shi.

A 2005 iyalan Glazer na Amurka suka sayi Manchester United kan kusan fam miliyan 790. Kaso mai yawa na kuɗin rance ne, kuma aka ɗora bashin a wuyan kulob ɗin da a da ba a binsa. Kamar mutum ya sayi gidanka da bashi, sannan ya ce gidan ne zai biya. Ba a karya wata doka ba, domin babu dokar.

Masu kallo na nan ba za su manta Portsmouth ba, saboda Nwankwo Kanu ne ya ci mata ƙwallon da ta ɗauki kofin FA a 2008. Ba a cika shekara biyu ba, a Fabrairun 2010, ta zama kulob na farko a tarihin Firimiya da ya kasa biyan bashi har aka miƙa shi hannun masu kula da dukiyar waɗanda suka karye. A wannan kakar kaɗai kulob ɗin ya ratsa hannun mutum huɗu.

Amma wanda ya fi tayar da hankalin Turawan shi ne ƙaramin kulob ɗin Bury, wanda aka kafa tun 1885. A Disambar 2018 wani ɗan kasuwa, Steve Dale, ya saye shi kan fam ɗaya tak, kuɗin da bai kai jika guda ba, da sharaɗin zai ɗauki bashin da ke kansa. Ya karɓi kulob ɗin kafin ya gamsar da hukumar gasa cewa yana da abin riƙe shi, domin ƙa'idar lokacin ta ba da wannan dama. Albashi ya tsaya. A Agustan 2019 aka kori Bury daga gasar baki ɗaya.

Sai a Afrilun 2021 manyan ƙungiyoyin Turai goma sha biyu, shida daga cikinsu na Ingila, suka sanar da cewa za su kafa gasarsu ta kansu wadda babu mai faɗuwa daga cikinta. Magoya baya suka fito kan titi, shirin ya wargaje cikin kwana biyu. Daga nan gwamnati ta ɗora wa ƴar majalisa Tracey Crouch bincike, rahotonta ya fito a Nuwambar 2021, shi ne ya haifi dokar 2025.

Sabuwar hukumar tana kula da ƙungiyoyi 116 na matakai biyar na sama. Tana da ikon bin diddigin inda kuɗin mai saye ya fito, da tilasta wa wanda bai cancanta ba ya sayar, da hana sayar da filin wasa ba da izininta ba, da hana shiga gasar ɓaraka. Ta kuma wajabta jin ra'ayin magoya baya kafin a canza tambari ko launin riga.

Mutum ɗaya, kulob da yawa

Batun Crystal Palace na daban ne. A farkon 2025 Ba'amurke John Textor yana da kaso mai tsoka a Palace, kuma a lokacin shi ke juya Lyon ta Faransa. Duka biyun suka samu gurbi a gasa ɗaya, dokar UEFA, hukumar ƙwallon Turai, kuma ta hana haka, don kada a wayi gari wa da ƙane su haɗu a fili a yi tuwona maina. A shekarar ce kuma FIFA ta cire León ta Meziko daga gasar ƙungiyoyi ta duniya saboda uban gidansu ɗaya da Pachuca.

Akwai kuma kuɗin gwamnatoci. A Oktobar 2021 asusun jarin Saudiyya ya sayi kashi 80 cikin 100 na Newcastle. A Maris 2022 Birtaniya ta ƙaƙaba wa Roman Abramovich takunkumi bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren, Chelsea ta shiga halin da ko tikiti ba ta da ikon sayarwa yadda ta saba, sai da aka yi cinikinta a watan Mayu. Shekara goma sha tara yana riƙe da kulob ɗin, kuma ba hukumar ƙwallo ce ta raba shi da shi ba.

A gida matsalar ta juya baya

A Turai damuwar ita ce attajirai sun yi yawa kuma ba a tantance su. A Nijar ba a rububin sayen kulob. Tambayar farko ma ita ce: wa ke da shi?

Manyan ƙungiyoyin gasar ƙasa kashi biyu ne. Akwai na hukumomi: AS FAN ta sojoji, US GN ta jandarmomi, AS GNN ta rundunar gardi, AS Police, AS Douanes, sai na kamfanonin gwamnati irin su AS SONIDEP da Nigelec. Akwai kuma na farar hula, irin su Sahel da Olympic a Yamai, Jangorzo da Dan Kassawa a Maraɗi, Akokana da Urana a Arlit, da Espoir a nan Zinder.

Duba waɗanda suka riƙa ɗaukar kofin gasar bayan 2010. SONIDEP ta ɗauka a 2018 da 2019, jandarmomi a 2021, Nigelec a 2022, sauran shekarun kuma mafi yawansu tsakanin sojoji ne da duwan da gardi. Ƙungiyoyin Nijar da suka kai matakin rukuni a gasar kofin ƙalubale ta CAF su ne AS FAN a 2010 da US GN a kakar 2021 zuwa 2022. Shekarun 1980, lokacin da Jangorzo da Espoir suka kawo kofin Maraɗi da Damagaram, sun zama hirar dattawa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kulob ɗin hukuma yana da kasafi, yana da mota, yana da wurin kwana, yana kuma iya yi wa ɗan wasa alkawarin abin da ya fi albashi, wato aikin kaki bayan ya ajiye takalmi. Kulob ɗin Zinder kuwa duk fita zuwa Yamai tafiyar kusan kilomita 900 ce, da kuɗin mota da masauki da abinci, alhali mafi yawan abokan karawarsa suna can babban birni, wasansu na waje ma bai wuce tsallaka unguwa ba. A yi wa ƙungiyoyin hukuma adalci: su ne suka riƙe gasar, kuma su ne wurin da ɗan wasa ya fi samun tabbacin ganin kuɗi a ƙarshen wata. Sai dai kuɗin da suke kashewa na jama'a ne, kuma yana nutse cikin babban kasafin hukumar, ta yadda mai son sanin nawa kulob ya ci a shekara ba shi da takardar da zai buɗe.

Kulob na farar hula kuma, bisa tsari, ƙungiya ce mai zaman kanta irin wadda dokar ƙungiyoyi ta 1984 ta tanada: tana da kundin tsari, da babban taron mambobi, da kwamitin gudanarwa, kuma ba don riba aka kafa ta ba. A takarda ba ta da mai ita. Ba ta da hannun jarin da za a saya ko a sayar. A aikace kuwa kowa a gari ya san sunan Alhajin da ke biyan kuɗin mota da na riga. Shi ne shugaba, shi ne ma'aji, wani lokaci har shi ke faɗa wa koci wanda zai sa. Mambobin da ba su biya ko dala ba, da wane baki za su ce ya kawo lissafi? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Wannan tsari yana tafiya lafiya muddin kasuwar Alhaji tana tafiya. Ranar da kaya suka maƙale a iyaka, ko siyasa ta juya, ko ya rasu magada suka ce ba su san zancen ba, sai kulob ya mutu a tsaye. Babu wanda ya san abin da ya zuba kyauta ce ko rance. Babu wanda ya san ko motar kulob ta kulob ce. Jarrabawar masu saye irin ta Ingila ba ta da abin kamawa a nan, tun da ba a yi ciniki ba balle a tantance mai saye.

Game da shugabancin hukumar kanta, Kanar Djibrilla Hima Hamidou, wanda aka fi sani da Pele, ya karɓi ragamar FENIFOOT a 2009, ya daɗe yana riƙe da ita, kuma a Maris 2025 aka zaɓe shi cikin majalisar FIFA. A zamaninsa Mena ta je gasar cin kofin Afirka a 2012 da 2013, Nijar ta karɓi baƙuncin gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 17 a 2015 da ta ƴan ƙasa da 20 a 2019. Masu goyon bayan dogon shugabanci da irin wannan suke kafa hujja, cewa sanin mutane a CAF da FIFA ba a kwana ɗaya ake samunsa ba. Masu son a ƙayyade wa'adi kuma suna nuna cewa FIFA da kanta, bayan badaƙalar 2015, ta taƙaita wa shugabanta zango uku na shekara huɗu-huɗu. Muhawarar ba ta Nijar kaɗai ba ce, ana yin ta a hukumomi da yawa na nahiyar.

Abin da ake gani a maƙwabta

Kano ta fi Yamai kusa da mu nesa ba kusa ba, shi ya sa labarin gasar Najeriya ba baƙo ba ne a Damagaram. Can mafi yawan ƙungiyoyi na gwamnatocin jihohi ne: Kano Pillars, Katsina United, El-Kanemi, Wikki, Enyimba, Rangers. Gwamna ke naɗa shugaban kulob, gwamna ke sauke shi, albashi kuma yana bin lafiyar baitulmalin jiha. Pillars ta ɗauki gasar sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, abin da ke nuna kuɗin gwamnati yana iya kawo kofi. Remo Stars ta ɗan kasuwa Kunle Soname ta ɗauka a 2025, abin da ke nuna ba sai da shi ba. Ita hukumar gasar ma ba ta zauna lafiya ba: a 2022 ministan wasanni ya ce gwamnati ba ta san da zaman kamfanin da ke gudanar da gasar ba, aka kafa kwamitin riƙo. Idan ana neman misalin abin da rashin sa ido ke haifarwa a ƙananan matakai, ga na Yulin 2013, lokacin da ƙungiyoyi biyu masu neman hawa mataki suka ci wasanninsu 79 da nema da 67 da nema a rana ɗaya.

Afirka ta Kudu tana da gasa mai kuɗi, amma ta halatta sayar da gurbi. A 2020 aka sayar da gurbin Bidvest Wits, kulob mai shekara 99 wanda ya ɗauki gasar a 2017, sunansa ya ɓace daga teburi. A 2021 aka yi wa Bloemfontein Celtic haka, ta koma Royal AM a wani lardin, ita kuma aka kore ta daga gasar a 2025 bayan rikicin haraji ya rutsa da mai ita. Shugaban hukumar gasar, Irvin Khoza, shi ne kuma shugaban Orlando Pirates.

To me ya sa FIFA ba ta dakatar da Ingila ba?

Dokar FIFA ta ce kowace hukumar ƙasa ta tafiyar da al'amuranta ba tare da katsalandan daga waje ba. In aka duba inda aka yi dakatarwa, abu ɗaya ne ke maimaituwa. Najeriya a Yulin 2014: kotu a Jos ta tsige shugabannin NFF, minista ya naɗa mai riƙo. Mali a Maris 2017: ministan wasanni ya rushe kwamitin hukumar. Cadi a 2021, Kenya da Zimbabuwe a 2022: gwamnati ko wata hukumarta ta karɓe ikon zaɓaɓɓun shugabanni. Duka an taɓa kujera ne.

Dokar Ingila ba ta taɓa kujerar FA ba, ba ta shiga zaɓe ba, ba ta shiga dokokin wasa ko zaɓen ƴan wasan ƙasa ba. Kulob ta kama a matsayinsa na kamfani, kamar yadda ake sa ido kan banki. Duk da haka UEFA ta rubuta wa gwamnatin wasiƙar gargaɗi a 2024, kuma an cire wani sashe da ya ce hukumar ta riƙa la'akari da manufofin gwamnati na ƙetare wajen amincewa da mai saye.

Wannan shi ne bambancin a shari'ance. Amma masu cewa akwai son kai ba su rasa hujja ba. Ƙasar da gasarta ke kawo biliyoyi tana da bakin ciniki da FIFA, wadda kuwa hukumarta ke rayuwa da tallafin FIFA ba ta da shi. Tallafin ba kaɗan ba ne: daga 2023 zuwa 2026 kowace hukuma tana iya samun har dala miliyan takwas ta Amurka. Akwai kuma wani abin mamaki a ƙasashe irin namu: gwamnati ce ke gina fili, ita ke biyan jirgin ƙungiyar ƙasa, rundunoninta ke da manyan ƙungiyoyi, amma in ta nemi shiga lissafin hukuma sai a ce katsalandan. Su kuma shugabannin ƙwallo suna amsa cewa ministan da ya zo da sunan bincike, sau da yawa kujerar yake nema wa nasa. Tarihi ya ba kowane ɓangare misalai.

Hanyoyin da ake gardama a kansu

Masu son hukumar gwamnati irin ta Ingila suna cewa gwano ba ya jin warin jikinsa, don haka dole mai bincike ya fito daga waje. Masu adawa, ciki har da wasu shugabannin ƙungiyoyin Firimiya, sun ce yawan ƙa'ida zai kori masu zuba jari. A Nijar akwai ƙarin cikas: in gwamnati ta kafa hukumar sa ido, ƙungiyoyin rundunoninta za ta fara bincika.

Faransa ta bi tsakiya. Tana da wani kwamiti da ake kira DNCG, a cikin gidan ƙwallo yake amma doka ta ba shi ƴanci. Kowace shekara kulob zai kawo littafin kuɗinsa, kwamitin yana iya hana shi sayen ƴan wasa, ko ƙayyade masa albashi, ko saukar da shi mataki. Shi ya saukar da Bordeaux. Shi ya yanke wa Lyon hukuncin faɗuwa a Yunin 2025, ta ɗaukaka ƙara ta tsira a Yuli bayan an kawo sabon kuɗi da sabon shugabanci. Wannan tsarin ne ya fi kusa da yadda dokokinmu suke, kuma ba ya jawo fushin FIFA. Rauninsa shi ne yana gano ciwo amma ba ya kawo magani: Bordeaux ta faɗi duk da ana duba littafinta kowace shekara.

Jamus ta ce mambobi su riƙe fiye da rabin ƙuri'u, attajiri ya zuba kuɗi amma kada ya mallake, in ban da ƴan ƙungiyoyin da kamfanoni suka rena tun asali irin su Leverkusen da Wolfsburg. Simba ta Tanzaniya ta ɗauki makamancin haka, mambobi kashi 51, ɗan kasuwa Mohammed Dewji kashi 49. Sharaɗin wannan hanya shi ne mambobi masu biyan kuɗin kati a kai a kai. Garin da ke cika gidan kallo don Barcelona amma filinsa ya zama fayau ranar wasan gida, sai ya fara warware wannan tukuna.

Akwai kuma masu cewa a mayar da kowane kulob kamfani mai rajista ƙarƙashin OHADA, wato dokokin kasuwanci na bai ɗaya da Nijar da wasu ƙasashen Afirka ke bi, a san mai shi, a san jarinsa. Zai kawar da duhun da ake ciki. Sai dai kamfani riba yake nema, gasar da kuɗin ƙofa da na talabijin ba su taka kara sun karya ba kuwa, ba ta da ribar da za ta ba shi. Haka ma tsaurara lasisi: in aka aiwatar da sharuɗɗan CAF biyar ba sani ba sabo, ƙungiyoyin jihohi ne za su fara faɗuwa, gasar ta ƙara tattaruwa a Yamai.

Wanda abin ke faɗa wa a ka

Na farko ɗan wasa ne. Matashin da ya buga kaka guda bisa alkawarin baki, in kuɗi ya tsaya ba shi da takardar da zai kai ƙara, in ƙafa ta karye kuma jinya ta koma kan iyayensa. Daga nan ne dillalan bogi ke samun kasuwa, masu karɓar kuɗin gona ko na babur da sunan gwaji a ƙetare. Ɗan wasan da ke bin albashin wata uku kuma shi ne ya fi sauƙin saye, yanzu da cacar wasanni ta shiga wayar kowa.

Sai masu cin abinci a gefen fili: mai ruwan sanyi, mai tsire, ɗan kabu-kabu, telan da ke ɗinka riguna. Kulob ɗin gari in ya faɗi mataki ko ya janye, ranakun kasuwarsu ne suka ragu. A gari mai yawan matasa marasa aiki kamar Zinder, kulob mai ƙungiyar yara yana ɗauke wasu daga zaman banza, kuma renon matasa shi ne abin da ake fara yankewa in aljihu ya yi zafi.

Akwai wata asarar da ba a cika magana a kanta ba. Dokar FIFA ta ce duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin na ƙungiyoyin da suka rene shi ne tun daga shekara 12 zuwa 23. Moussa Maazou ya tashi daga AS FAN zuwa Lokeren ta Beljiyam, daga can zuwa CSKA ta Mosko a 2009, irin wannan tafiyar ce dokar ke nufi. Tun 2022 FIFA ta buɗe ofishi a Paris da ke karɓar kuɗin daga mai saye ya aika wa masu reno kai tsaye. Amma ofishin da rajistar kwamfuta yake aiki. Sai an ga sunan yaron a ƙarƙashin kulob ɗin a shekarun da ya yi can, sai kulob ɗin ya nuna takardun kafuwarsa da sunayen masu tafiyar da shi, sai kuma ya kawo asusun banki da sunansa, ba da sunan shugabansa ba. Kulob ɗin unguwa a Garin Malam da ya rene yaro shekara biyar ba tare da ya yi masa rajista ba, ranar da aka sayar da yaron a Turai a talabijin zai gani, kamar kowa.